Irin da Rabi Ta Ajiye a Tsafe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, bayan La'asar, aka kira ni daga unguwar Damba ta Gusau cewa ƙanwata Malama Rabi Labbo ta rasu. Ta yi jinya gajeriya. An yi mata sutura washegari a Gusau, zafin rana kamar zai fasa kai.

Rabi, jama'a sun san ki da fuska biyu. Tsofaffin ɗalibanki na Bungudu sun san malamar kimiyya mai tsanani. Matan Damba kuwa sun san mai cakulan, sana'ar da kika kama bayan ritaya, muka yi ta yi miki dariya. Ni kaina na ce wa zai yi cakulan a garin da kwalta ke narkewa. Innarmu ma da ta ji kina sayo man koko daga kudu, sai ta tambaya tun yaushe kokon safe ya fara mai.

Ba ki gajiya da bayani, ko ba a tambaye ki ba. Kin ce man da ke cikin 'ya'yan koko yana iya daskarewa ta siga shida, kuma ta biyar ce kaɗai abin so. Idan ya kama ta, cakulan zai yi sheƙi, ya karye ƙas, ya jure hannu, ya narke a baki. Idan aka bar shi ya daskare yadda ya ga dama, sai ya fito da laushi, yana manne wa yatsa, bayan kwanaki man ya taso sama ya yi fari-fari. Kin misalta min da man shanu, yadda wani lokaci yake kwanciya sumul, wani lokaci ya yi tsaki-tsaki, alhali man ɗaya ne. Don haka kike narkar da shi sarai, ki bar shi ya huce, ki jefa gutsuren tsohon cakulan da ya daskare daidai, kina juyawa har sabon ya ɗauki tsarin tsohon. Wannan gutsure kike kira iri.

Daga gida kika ɗauko kalmar. Mahaifinmu a Nahuce ba ya taɓa damin gero na iri ko ana yunwa, kuma duk kaka yakan aika da rabi wurin amininsa a Kucheri, don ko gobara ta ci rumbu ɗaya. Haka kika riƙa cire iri daga kowane aiki. Kikan raba wa yaran unguwa ɓaraguzai kyauta, ki koya wa zawarawa aikin ba ko sisi, amma iri ko jikanki ba ya gani.

Da ƙaramar Sallah kika zo min Tsafe da wani ƙunshi a leda ninki-ninki. Kika sa shi a firjina mai sola, kusa da allurata ta ciwon suga.

"Aje mini wanga, Yaya. Kai ɗai na yarda da kai, tunda likita ya hana ka zaƙi."

Na yi dariya, na manta da shi.

A kwanakin makoki aka buɗe ɗakin aikinki don baƙi su samu wurin zama, aka kashe na'urar sanyaya shi. Ba laifin kowa ba ne. Da aka watse, 'yarki Zahra'u ta tarar duk abin da kika bari ya narke ya sake daskarewa, ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Mijinki Alhaji Idris ya ce fumfuna ce, a zubar, a sayar da tukwanen, don ganinsu yana tayar masa da hankali. Zahra'u ta ce ba fumfuna ba ce, man ne ya taso. Ta roƙi a bar ta ta gwada, in ta kasa a rufe ɗakin. Ya amince.

Ta gwada ba iri, ta hanyar shimfiɗawa a kan dutse, wadda ke da kanki kika ce tana da wuya a bazarar Gusau. Ya fito dusu-dusu, yana lanƙwasa. Ta kira ni.

"Kawu, hannuna ba irin nata ba ne. Mi za ni yi?"

Kalmar iri da ta faɗa ce ta tuna min da ƙunshin. Na sa shi a cikin kula mai ƙanƙara, na shiga motar Gusau na rungume shi kamar jariri. Na tsaya ina kallo ta narkar da wanda aka ce a zubar, ta jira ya huce, ta yanka irin ta zuba, tana ɗiga kaɗan a leɓenta na ƙasa don ta ji ɗuminsa, kamar yadda kike yi. Da ta juye shi a mazubi ya daskare, sai ya saki mazubin da kansa, yana ƙyalli. Ta kai wa mahaifinta a tsakar gida ta karya a gabansa. Ƙarar ta fito ƙas.

Ni ban yi kuka a maƙabarta ba, a nan na yi. Can Alhaji ya ce mata: "Cire na iri tukuna, ki ba kawunki rabi."

Yana firjina yanzu, Rabi, inda kika sa na farko.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Alhaji Idris, da Zahra'u, da ƙaninta Sadiƙ, da Innarmu a Nahuce, da dukkan ɗalibanki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.