Kawu Ɗanlami da Bayan Mota

Ku da kuka san Kawu Ɗanlami a unguwar Taman Melati, nan ƙasar waje, kun san bai taɓa tsayawa a gaban mota ba. Ko wace iri ce, sai ya zagaya bayanta ya tsuguna, ya ƙura mata ido kamar mai taya ragon layya. Sana'arsa sayar wa ɗalibai kilishi da yaji, amma zanen motoci ne ya tafi da hankalinsa, kuma baya kaɗai yake zanawa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidana yake cin tuwon Juma'a, amma wallahi har ya rasu ban gane kansa ba.

Na taɓa ce masa, "Kawu, wai motocin nan naka ba su da fuska ne?"

Ya ce, "Hajara, gaban mota kwalliya ne. Baya ne mai gaskiya."

Na ce gaskiyar me? Ya ce in ƙaro masa miya.

Ga maƙo kuma. Fenti mai ruwan ƙasa bai taɓa saye ba. Sai ya je mamak, wurin masu shayin nan, ya sha rabin kofi, ya ƙullo sauran a leda ya yi zane da shi. Ran nan na tarar da tururuwa sun yi layi a kan wani zane, na ce, "Kawu, suna cinye maka taya." Ya leƙa ya ce, "Ƙyale su, fasinja ne."

Sai ga bikin nuna tsofaffin motoci da 'yan wata unguwa ke yi. Maigidana ya yi ta magiya har shugaban bikin, wani dattijo ɗan ƙasar mai suna Pak Rosli, ya ba Kawu rumfa. Sharaɗi ɗaya ne: ya zana gaban jar motar Pak Rosli a idon jama'a, in ya ƙi a naɗe rumfar. Karon farko ke nan da aikinsa zai fito daga ƙarƙashin gado. Kawu ya ce, "Boleh," wato an gama.

Ranar bikin, an goge mota tana ƙyalli. Kawu ya ɗauki kujerarsa ya koma bayanta.

Pak Rosli ya ce da salon maganarsu, "Gaba lah, gaba." Da ya ga ba a ji, ya shiga ya juya motar. Kawu ya ɗauki kujera ya sake zagayawa. Aka sake juyawa, ya sake bi. Jama'a suka ɗauka wasa aka shirya, suna tafi suna ɗauka a waya. Wata tsohuwa kuwa ta zagaya bayan allon da aka rataye zanukan, tana neman inda gaban motocin ya shiga. Maigidana ya jiƙe da gumi, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Na ja hannun rigarsa. "Kawu, don girman Allah, fitila biyu ce kawai da hanci. Korarka za su yi."

"Ban san shi ba, Hajara."

"Ba ka san me ba? Ga shi nan a gabanka!"

"Ban san shi ba."

Aka naɗe rumfar. Muka kwaso zanuka muka hau jirgin ƙasa, ina ta huci. Shi kuwa cewa ya yi motar ce ta ba shi tausayi, an hana ta sakat da juyi.

Bayan rasuwarsa muna kwashe ɗakinsa, na ga wani zane da bai ƙarasa ba. Farar wagon ce, kaya a samanta, ta fuskanto mu, fitilunta a kunne. Na ɗauki hotonsa na tura wa Inna, mahaifiyata, a Kano. Sai ga kiranta tana kuka.

Ta ce, "Motar Babanmu ce. Kullum da safe Ɗanlami ke bin bayanta da gudu har ta sha kwana, in ta dawo kuma mun yi barci. Ran nan ta tafi Maiduguri, ba ta dawo ba."

Ashe gaskiya ya faɗa mini, ni kuma ina ta yi masa faɗa a bainar jama'a. Na zauna a bakin gadonsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah Ya jiƙan Kawu Ɗanlami, Ya yafe masa, Ya haɗa shi da Babansa fuska da fuska.