Sunan da Kotu Ta Ƙi Faɗa

Akwai ranar da har gobe ba ta fita a raina ba, ranar da babbar kotu ta zauna a nan Keffi kan ƙarar da Garba mai shago ya ɗaukaka. Ku da kuka kama aiki jiya jiya, na san kuna ganin tafinta ba shi da wani aiki sai maimaita maganar manya kamar aku. To ku gyara zama.

Lokacin ba a daɗe da sauya fam zuwa naira ba, kuɗin mai sun fara shigowa, kowane ƙaramin ma'aikaci yana mafarkin babur. Keffi tana ƙarƙashin Jos, kuma daga can alƙalan babbar kotu kan zo su yi mana 'yan kwanaki, su saurari ƙararrakin da aka ɗaukaka daga kotunan yanki, su koma. Mutum uku ke zama: alƙalan babbar kotu biyu da Kadi guda. Ba a sake kiran shaidu a irin wannan zama. Abin da ƙaramar kotu ta rubuta shi ake karantawa, lauyoyi su yi muhawara a kai, a duba ko an yi daidai. Da Turanci ake yin komai, ni kuma in tsaya kusa da wanda ya ɗaukaka ƙara in mayar masa da Hausa, da ƙarfi yadda duk wanda ke zaune zai ji.

Shugaban zaman wani dattijo ne ɗan Kudu da ya daɗe yana aiki a Arewa. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cefane ba, amma akwai kalma ɗaya da ya riƙe gam, wato "dakata". Lauya na tsaka da zuba, sai ya ɗaga yatsa ya ce dakata. Shi ya sa a bayan idonsa muke ce masa Baba Dakata. Ni a lokacin haushinsa nake ji, don a ganina ya cika jan abu.

Garba yana da shagon tireda a unguwar Gangaren Tudu. Kotun yanki ta same shi da laifin yi wa 'yar maƙwabcinsa fyaɗe, yarinyar da ba ta kai shekara goma ba, an aike ta sayen sabulu. Aka yanke masa shekaru a gidan yari. 'Yan uwansa suka ɗauko masa lauya daga Jos, wani matashi da ake kira Lauya Sale, Bahaushe, ya yi karatu a Ingila, bakinsa kamar reza. Abin da ya zo nema biyu ne: ko a saki Garba, ko a rushe shari'ar a sake ta daga farko. In an sake shi, ƙofar shagonsa tana kallon ƙofar gidan su yarinyar. In an ce a sake shari'a, dole a kuma tsayar da ita gaban jama'a ta maimaita abin da aka yi mata.

Da safe kafin a zauna na ga yarinyar a bayan kotu, ƙarƙashin mangwaro, tare da kakarta. Ba wanda ya ce a kawo ta. Su dai ba su san tsarin ba, suka zo da ita ko za a nema. Uwarta kuwa ta shiga ciki ta zauna a bencin ƙarshe, ta ja mayafi har goshi. Uban direba ne, yana kan hanya.

Lauya Sale ya fara da cewa alƙalin kotun yanki ya saurari mutanen unguwa da suka ce dama Garba ba a yabon halinsa, kuma ya sa wannan cikin dalilan hukuncinsa. Ya ce ba a ɗaure mutum da zancen gari. Baba Dakata ya juya ya yi magana da na gefensa, ya ce lauya ya yi gaskiya, an cire wannan ɓangaren, kotu ba za ta dube shi ba. Da na fassara, sai na ga Garba ya gyara tsayuwa yana murmushi. Raina ya ɓaci ƙwarai. A zuciyata na ce shi ke nan, wannan tsoho zai saki mugu saboda ƙa'ida.

Daga nan lauya ya ɗauko babban makaminsa. Ya ce yarinyar ta yi kwanaki a ɗaki ɗaya da uwarta ba ta ce mata uffan ba. Sai da kakarta ta zo daga ƙauyen Yara, tana yi mata kitso, sannan labari ya fito. Ya ce wace yarinya ce za a yi wa haka ta tsallake uwar da ta haife ta? Ya buɗe shaidar uwar ya karanta. An tambaye ta ko yarinyar ta gaya mata, ta ce a'a. An ce ta faɗi sunan yarinyar, ta yi shiru, sai kakar ce ta faɗa daga inda take zaune. Daga farkon shaidarta har ƙarshe "yarinyar nan" take cewa, ko sau ɗaya ba ta ce 'yata ba, kuma an rubuta cewa ba ta dubi wajen da yarinyar take ba. Lauya ya rufe da cewa uwar kanta ba ta yarda da labarin ba, kaka ce ta kitsa shi, uwa kuma kunyar ƙarya ta hana ta ɗaga kai.

Ku tuna aikina. Wannan magana sai ta bi ta bakina. Na tsaya na ce da Hausa, yadda kowa zai ji, "Ya ce uwar yarinyar ba ta yarda da 'yarta ba." Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba. Na san abin da ya sa matar ta yi shiru, duk Bahaushen da ke ɗakin ya sani, amma tafinta ba ya ƙara ko gishiri a maganar da aka ba shi. Na hango ta a bencin ƙarshe, ba ta motsa ba, bakin mayafinta kawai ta cusa a baki.

Lauyan gwamnati ya miƙe zai amsa, sai yatsan nan ya tashi. "Dakata."

Baba Dakata ya cire tabarau ya ce akwai abin da bai gane ba, kuma ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gane ba. Ya ce a cikin shaidar nan an rubuta cewa ranar da kaka ta ji labari, uwar ce ta goya yarinyar, duk da girmanta, ta tafi da ita asibiti a ƙafa, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ya ce matar da ba ta yarda ba, ba ta yin haka. To me ya hana ta faɗin sunan? Ya juya wajen Kadi a gaban kowa, ya ce, "Malam, ni baƙo ne a nan. Akwai abin da ku kuka sani da ba a rubuta ba?"

Kadi, wani dattijo mai sanyin murya, ya nemi a duba ko yarinyar ita ce ta fari a wurin uwarta. Aka duba, haka ne. Sai ya dubi lauya ya ce, "Lauya Sale, wane ne na fari a ɗakinku?"

"Yayata ce, Allah ya gafarta malam."

"Ka taɓa jin mahaifiyarku ta kira sunanta?"

Lauya ya dubi takardunsa kamar amsar tana ciki. Can ya ce, "Ban taɓa ji ba."

"In abu ya dame ta tana ƙarama, wurin wa take zuwa?"

"Wurin kakarmu."

Kadi ya yi wa shugaban zaman bayani a taƙaice. Ya ce a gidajen da suka riƙe al'ada, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna tana sonsa ko da son zai kashe ta. Yaron ma haka yake tashi, bai saba kai mata kuka ba. Kaka ita ce abokiyar wasa, ita ake gaya wa abin da ba a iya gaya wa kowa. Alƙalin kotun yanki ya san haka tun yana yaro, shi ya sa bai ga dalilin rubutawa ba, kamar yadda ba wanda zai rubuta cewa ana cin tuwo da hannun dama.

Na yaba wa Lauya Sale abu ɗaya. Bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ya janye wannan hujja, amma har yanzu yana roƙon a sake shari'ar tunda an sami kuskure a ta farko.

Bayan azahar suka dawo da hukunci. Baba Dakata ya karanta a hankali, yana tsayawa don in fassara. Ya ce an zubar da zancen gari, kuma daidai ne a zubar, don ko mugu yana da haƙƙin a yi masa shari'a da hujja. Amma abin da ya rage ya tsaya da ƙafarsa: maganar yarinyar ba ta sauya ba duk juyin da aka yi mata, likita ya tabbatar da abin da ya gani, kuma wata mai ƙosai ta ga fitowarta daga bayan shagon tana kuka a ranar. Ya ce shirun da ta yi wa uwarta ba alamar ƙarya ba ne. Ya ce ba za a sake shari'a ba, don kotu ba za ta sa yarinya ta biya kuskuren alƙali ba. An kori ƙarar, Garba zai koma ya ƙarasa zamansa.

Sai ya ajiye takardar ya ƙara da abin da ba wanda ya roƙe shi. Ya ce a hukuncin da za a buga, kada sunan yarinyar ya fito ko'ina, kuma kada wani ma'aikacin kotu ya ambace shi a waje. Ya ce, "Uwarta ta rufe sunan nan saboda daraja. Mu ma za mu rufe." Da na zo fassara wannan, sai da na tsaya na sake farowa, har Kadi ya ɗago ya dube ni. Ban ji kunya ba, kuma daga ranar ban sake jin haushin yatsan nan ba.

Da aka tashi na fita ta baya in sha iska. Uwar ta zo ta wuce ni ta nufi mangwaron. Na zaci za ta rungume 'yarta, ko ta fashe da kuka. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta durƙusa ta ce wa tsohuwar, "Iya, ku tashi mu tafi, an gama. Ba zai dawo ba." Suka kama hanya, kaka a gaba. Sai da suka kai kwanar hanya na lura hannun yarinyar yana cikin mayafin uwar, ta riƙe shi ta ciki inda take zaton ba mai gani.

Abin da na koya a ranar shi ne, takardar shari'a ba ta ɗauke da duk abin da mutane suka sani, kuma alƙalin kirki ba ya jin nauyin cewa bai gane ba. Dattijon nan yana da ikon yanke hukunci shi da tabaransa, amma ya tsaya ya yi tambaya, kuma tambayar ce ta hana a buɗe shagon nan a ƙofar gidan yarinya. In kun ga shaida ya yi shiru, kada ku yi saurin rubuta masa ma'ana.

Na ga bakinku yana motsi, na san abin da za ku tambaya. E, tana nan da rai, a garin nan, har ta yi jikoki, wataƙila ma kun taɓa gaishe ta a kasuwa. Na san sunanta sarai, na karanta shi da idona kafin a goge. Matata ta tambaye ni har ta gaji, ban faɗa mata ba, balle ku.