Golanmu Ɗan Mai Tsire

A shekarar da na shiga ajin ƙarshe na kwalejin horon malamai a nan Jidda, ni aka damƙa wa jaridar bango. Wani faffaɗan kwali ne da ake rubutawa da hannu, a manna shi kusa da ofishin wakili, wato mataimakin shugaban makaranta, inda duk mai shiga aji sai ya gifta. Rubutuna na Larabci yana da kyau, kuma Allah ya yi ni da surutu, shi ya sa aka zaɓe ni. Ƙarshen shekarun sittin ne, ina ɗan shekara goma sha tara, kuma a ganina duk faɗin Jidda babu alƙalami irin nawa.

Saura mako biyu a buɗe gasar ƙwallo ta kwalejoji, malamin wasanni ya kira ni ya ce in rubuta sharhin wasanmu na farko, wanda za mu yi ranar Alhamis da kwalejin koyon sana'a. Su ne suka fitar da mu bara. Ya ce in faɗi gaskiya, amma kada in karya wa yara gwiwa. Sai na riƙa zuwa atisaye bayan la'asar da ɗan littafina, a filin nan mai gishiri da ke bayan makaranta, wanda in ka faɗi sai ka bar masa fatar gwiwarka.

Gaskiyar ba ta da daɗin faɗi. 'Yan bayanmu biyu ƙattai ne, amma kafin su juya an kira magariba. Ɗan gabanmu akwai gudu, sai dai da ya hango raga yakan ɗaga ƙwallo sama kamar mai aika saƙo ga tsuntsaye. Na tsakiya kuwa ba ya ba kowa ƙwallo sai ɗan unguwarsu. Abu guda muke da shi wanda babu a sauran kwalejoji, shi ne golanmu.

Abokina ne tun muna yawo babu takalmi. Gidansu na kallon namu a unguwar Nuzla. Dogo ne, marar magana, in ya tsaya a raga sai ka ga ragar ta ƙanƙance. Mahaifinsa mai tsire ne a kasuwar Bab Makka, dattijo siriri mai jajayen idanu saboda hayaƙi. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ya yi ta tsayawa a Sudan yana cirar auduga yana ƙara gaba, har ya ƙetaro teku. Ya sauke farali, ya yi aure, ya zauna, amma bai taɓa mallakar takarda ko ɗaya ba. Yayan matarsa kuwa haifaffen Makka ne, direban motar alhazai, yana da hafiza, littafin nan na shaidar ɗan ƙasa da ake rubuta 'ya'yan mutum a ciki. Da aka haifi abokina, sai kawun ya rubuta shi cikin 'ya'yansa. Da wannan takarda ya yi firamare, da ita ya shiga kwalejinmu, wadda ba ta ɗaukar kowa sai ɗan ƙasa.

Duk Nuzla an san wannan, kuma ba gidansu kaɗai ba ne. Ba a taɓa zaunar da mu aka ce mu ɓoye ba. A unguwa ɗan mai tsire ne, a makaranta ɗan direba, bakinmu ya saba sauyawa a bakin ƙofa yadda ake cire takalmi. Shekara uku ina jin ana kiran sunansa a aji haɗe da na kawunsa, yana amsawa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ana sauran kwana biyu in manna kwalin, na bi ta Bab Makka. Dattijon yana juya tsinkaye a bakin wuta, ya hango ni ya yafito ni.

"An ce kai za ka rubuta yaron nan a jarida."

"Ni ne, Baba."

"To, ka rubuta da kyau. Alhamis zan rufe in zo in gani da idona. Ban taɓa ganin yana kamawa ba, sai dai labari."

Ya naɗe mini tsire a takarda ya ƙi karɓar komai. Na tafi ina ci ina shirya kalmomi a kaina.

A gidanmu ba a yabon mutum a bar ubansa. Mahaifiyata ko rago za ta yaba sai ta faɗi gidan da aka haife shi. Yabon da babu asali a cikinsa rabin yabo ne, haka muka taso muka ji. Da na gama tsokanar 'yan baya da 'yan gaba na iso kan gola, sai hannuna ya bi hanyar gida. Na rubuta da Larabci, da manyan baƙaƙe, cewa a ragarmu akwai ɗan mai tsiren Bab Makka, wanda mahaifinsa ya tako daga ƙasar Hausa shekara shida a hanya bai juya ba, kuma ɗan wannan mutum ba ƙwallo ce za ta sa shi ƙifta ido ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina mantuwa ce. Ba mantuwa ce zalla ba. Wani abu ya ɗan soke ni a zuci lokacin da nake rubutawa, amma maganar ta yi mini daɗi a baki, na ƙi rabuwa da ita. Ina son dattijon ya ji an ambace shi ko sau ɗaya a makarantar ɗansa, kuma ina son a ce wane ya iya rubutu. Ban san wanne ya fi nauyi a cikin biyun ba, har yau.

Ranar Asabar da safe na manna. Ɗalibai suka taru suna karantawa suna dariya, ɗan gabanmu yana rantsuwa sai ya fasa mini baki. Ina tsaye a gefe ina kumbura. Abokina ya iso daga baya, ya karanta daga sama har ƙasa, sannan ya matso kusa da ni ya yi magana da Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Me ka yi ke nan?"

Na juya zan yage kwalin, sai na ga wakili tsaye a gabansa tare da wani baƙo. Jami'in da ke kula da gasar ne, ya zo karɓar takardun 'yan wasa. Yana karantawa yana murmushi, har ya ce wa wakili yaron da ya rubuta wannan zai yi nisa. Daga nan ya buɗe takardun da ke hannunsa don ya ga golan da ake wa wannan kirari. Takarda ta ce mahaifinsa direba ne, haifaffen Makka. Haifaffen Makka kuwa ba ya tafiyar shekara shida kafin ya iso Jidda.

Bayan azahar wakili ya kira ni ofis. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa ganin ya daki kowa ba. Ya rufe ƙofa ya daɗe yana kallona.

"Ya waladi, yarona," ya ce, "shekara nawa ina sayen tsire wurin mutumin nan. Kana tsammanin ban ga kamar da ke tsakaninsu ba? Da a kunne ka gaya mini, da ban ji ba. Amma a bango ka rubuta."

Ya ce jami'in ya ba shi zuwa Laraba. Ko dai a kawo bayani a rubuce cewa kuskure aka yi, ko maganar ta wuce sama. In ta wuce, abokina ya bar kwaleji ke nan, saura wata bakwai ya zama malami, kuma kawunsa zai amsa tambayoyin da ba shi da amsarsu.

Kafin in isa Nuzla labari ya riga ni. Matan layinmu da na saba gaisarwa suka amsa a taƙaice. Mahaifina bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An ce baki shi ke yanka wuya. Kai naka wuyan wani ya yanka." Ya tasa ni gaba muka tsallaka gidansu abokina don in ba da haƙuri.

Kawun na can, yana kai da komo a tsakar gida, yana zazzaga faɗa rabi da Hausa rabi da Larabci. Yana da 'ya'ya bakwai a cikin hafizar nan, kuma tsoronsa gaskiya ne. Mahaifiyar abokina na bayan labule, ana jin jan hancinta. Na durƙusa na faɗi abin da zan iya faɗi, babu wanda ya kalle ni. Can abokina ya ce shi ya haƙura da makarantar, zai bar ta da kansa kafin Laraba, ya nemi aikin dako a mina, wato tashar jiragen ruwa, kowa ya huta.

Dattijon yana zaune a kan tabarma tun ɗazu. Sai a nan ya ɗago.

"Ba za ka bari ba. Ni na ɗauki buhu a mina, na san nauyinsa. Laraba zan je in ga wakilin."

"Ka ce masa me, Baba?"

"Abin da takarda ta ce."

Ranar Laraba ya zo da farar riga wankakkiya, amma ƙanshin hayaƙi bai bar jikinsa ba. Shi ne karo na farko da ya taka cikin kwalejin. Muka shiga ofis mu huɗu, shi da kawun da abokina da ni, jami'in gasar na zaune a gefe. Larabcin dattijon na kasuwa ne, bai wuce "nawa ne" da "miƙo" da "Allah ya yi albarka" ba. Wakili ya ce a samo wanda zai fassara ya kuma rubuta. Dattijon ya nuna ni da haɓa.

"Shi ya rubuta na farko. Ya rubuta na biyun."

Ba da fushi ya faɗa ba, da ma da fushi ne da na fi samun sauƙi. Aka miƙo mini takarda da alƙalami. Dattijon ya gyara tsayuwa, ya kalli bangon da ke bayan wakili, ya yi magana a hankali yadda zan iya bi.

"Ka gaya masa yaron nan ba ɗana ba ne. Ɗan yayan matata ne. Riƙonsa na yi, shi ya sa 'yan unguwa ke kiransa da ni."

Na san mutumin nan. Ba ya ƙara gishiri ko a labarin kasuwa, kuma ya san hukuncin wanda ya musanta ɗansa, don ba ya wuce karatun masallaci. Na buɗe baki na mayar da maganar Larabci. Wakili bai ɗago kai ba, ya ce, "Uktub," wato rubuta. Na rubuta da rubutun nan nawa mai kyau. Aka shafa wa dattijon tawada a babban yatsa ya dangwala, kawun ya sa hannu a ƙasa. Abokina na tsaye a bakin ƙofa yana kallon fankar sama.

Jami'in ya karɓi takardar ya ninke, ya ce in riƙa tantance magana kafin in rubuta. Da ya fita, wakili ya raka dattijon har ƙofa ya riƙe hannunsa.

"Halas, ya hajj, magana ta mutu. Amma gobe kada a gan ka a fili. Ka gane."

Ya ce ya gane.

Alhamis bayan la'asar fili ya cika. Abin da na rubuta game da 'yan bayanmu duk ya tabbata, 'yan kwalejin sana'a suka yi ta ratsa su kamar babu kowa. Abokina ya yi ta kamawa, ta sama, ta ƙasa, har da wata da ya faɗa ƙarƙashin ƙafafun mutum uku ya fito da ita a ƙirji. Ɗan gabanmu ya yi kuskure ya zura ɗaya. Ɗalibai na ta kiran sunan gola haɗe da na kawunsa, suna buga gwangwani. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yamma ba. Saura kaɗan a tashi na kasa zama, na fice ta ƙaramar ƙofar baya.

A bayan katangar filin na sami dattijon, zaune a kan wani dutse, da farar rigar jiya. Yammacin Alhamis ne, lokacin da ciniki ya fi kankama a Bab Makka, amma ya rufe ya zo. Ba ya ganin komai daga nan sai ihu da yake ji. Babu kowa a wurin sai mu biyu da wata akuya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum.

"Ɗan surukin nan nawa," ya ce, "yana kamawa?"

Na jira ya gyara maganar. Da Hausa muke magana, kuma ko da Larabci ne babu mai jin mu. Bai gyara ba.

"Yana kamawa, Baba. Ko ɗaya bai bari ta wuce ba."

"To, madalla. Babansa zai ji daɗi."

Aka busa usur ɗin tashi daga ciki, ihu ya ƙaru. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya kama hanya da sauri kafin jama'a su fara fitowa. Abokina ya gama kwaleji, ya koyar har ya yi furfura, kuma shi ya riƙe dattijon da ƙarfinsa ya ƙare. Amma daga ranar nan har Allah ya karɓi ran dattijon, ban ƙara jin ya ce masa ɗana ba, ko a cikin gidansa.