Fitilar Barewar Gordy

Kowa a garin Calumet ya san Gordy Trembath, tsohon direban bas ɗin makaranta, kuma kowa ya san bai iya harbi ba. Tun da ya auri Marlys, 'yar tsoho Arvo Kemppainen, duk watan Nuwamba sai ya ɗora hularsa mai launin ruwan lemo ya bi surukinsa da ƙannen matarsa bukkar farauta. Su dawo da barewa a bayan mota, shi ya dawo da mura da labarin wadda ta tsere masa. A bukkar ma aikinsa dafa kofi da wanke kwanuka.

A gidan Kemppainen kuwa, namiji bai cika namiji ba sai ya ciyar da tsoho Arvo naman da ya harbo da hannunsa. Arvo bai taɓa zagin Gordy ba, kallonsa kawai yake yi ya ci gaba da goge bindiga. Abin ya daɗe yana cin Gordy a rai, har furfura ta cim masa.

Sai bara, yana jingine da bishiya yana gyangyaɗi, wani ƙaton namijin barewa ya zo ya tsaya a gabansa kamar mai tambayar hanya. Ko makaho ba zai kuskure ba. Gordy ya harba, dabba ta faɗi, garin Calumet ya shiga uku da jin labari. Ya kai kan wurin mai busar da kawunan dabbobi don a yi masa na ratayewa a bango. Naman kuma aka yanka aka nannaɗe, ya jera a babbar firiza a gareji, ya garƙama mata kwaɗo ya sa makulli a aljihu. Ya ce ba mai ɗanɗanawa sai kan ya dawo, a tara dangi, Arvo ya fara ci a ƙarƙashin ƙahon.

A lokacin tsohon yana gidan kula da tsofaffi, ƙarfi ya ƙare, kowa ya san saura ƙiris. Marlys ta yi magiya a dafa ko ɗan romo ne a kai wa babanta tun yana iya taunawa. Gordy ya ƙeƙasa ƙasa ya ce atafau. Shi ba ciyar da tsohon ne a gabansa ba, so yake a gani.

Kan bai dawo ba sai tsakiyar bazara. Ya rataye shi a bangon ɗakin cin abinci, ya ja da baya ya duba, ransa ya ɓaci. Lungun da duhu, fitilar silin kuma tana can saman tebur tana haska abin da ba shi da muhimmanci, wato abinci da fuskokin mutane. Shekara nawa Marlys tana roƙon a ja mata fitila saman wurin wanke-wanke, kullum amsarsa wuta ba abin wasa ba ce. Amma ranar, daga kallon bidiyo guda a waya, Gordy ya tashi cikakken mai gyaran wuta.

Ya kashe wutar gidan daga babban akwati, wannan kam ba a raina masa ba. Ya hau tsani ya kwance fitilar, ya huda sabon rami kusa da bango, ya shiga saman silin yana rarrafe cikin ƙura da zafi, ya ja sabuwar waya daga tsohon gurbi zuwa sabo. A tsohon gurbin ya tarar da wayoyi sun fi yadda mutumin bidiyo ya nuna. Waɗanda suka kawo wuta ya gane su, na makunni ma ya gane, ga kuma wasu biyu da suka nufi wani wuri can.

“Aikin mutanen zamanin da ne wannan,” ya ce wa Marlys daga kan tsani. “Waya kamar taliya, rabi ba ta da amfani.”

Ya sa filaya ya datse su, ya naɗe bakinsu da salatif, ya cusa ciki, ya liƙe ramin ya shafa fenti. Da ya mayar da wuta ya danna makunni, ƙahon nan ya ɗau haske, idanun gilashi suka yi ƙyalli. Marlys ta ce yanzu ba ta ganin abin da ke cikin farantinta. Ya ce bakinta ai ta san inda yake.

Wayoyin nan biyu su ne ke kai wuta gareji. Firiza tana rufe ruf da kwaɗonta, zafin Yuli yana aikinsa, ba wanda ya leƙa. Sai jajiberin walima, Reino ƙanin Marlys ya kawo gawayin gasa nama, Gordy ya ja shi gareji da taƙama ya buɗe kwaɗo ya ɗaga murfi. Reino bai tsaya ko'ina ba sai tsakar titi, yana kakarin amai.

“Yaya Gordy, wannan ka sake kashe ta karo na biyu ke nan,” ya ce da ya samu numfashi.

Da wani ne, da ya je ya faɗi gaskiya. Gordy kuwa ya roƙi Reino ya rufa masa asiri, ya garzaya kanti ya sayo naman sa, ya jiƙa shi da tafarnuwa da barkono har ba a gane asalinsa. Mutumin da yake shirin yaudara ya fi shekara tamanin yana cin naman barewa.

Ran Lahadi aka turo Arvo a keken guragu, aka ajiye shi a gaban tebur. Dangi suka zauna cikin inuwa suna laluben cokula, kan barewa kaɗai ke cikin haske. Gordy ya zuba wa tsohon da hannunsa, ya tsaya a kansa yana murza hannu. Arvo ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ajiye cokali. Ya tambayi ina naman dabbar yake. Gordy ya fara kame-kame, Marlys ta katse shi ta faɗi komai, har ramin da aka haƙa bayan gareji aka binne. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta gaji da rufa masa.

Tsohon ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon bangon. Shi a rayuwarsa ko hantar barewa bai taɓa zubarwa ba, kuma takaicin ya fito ƙarara a fuskarsa.

“Da ka kuskure ta, kamar yadda ka saba, da ya fi mana,” ya ce. “Marlys, kashe fitilar nan. Ba na son ganinta.”

Marlys ta tashi ta danna makunni. Ba wata fitila a ɗakin, don haka aka ƙarasa cin naman sa da ɗan hasken taga. Arvo bai ƙara ko loma ba, ya ce a mayar da shi. Ya rasu kafin farautar bana ta kewayo, kuma da ƙannen Marlys suka tashi tafiya bukka, ba wanda ya biyo wa Gordy.