Filin da Na Saya a Intanet da Sunan Babana

Abubuwa da yawa sun same ni na manta, amma ranar da mai unguwarmu ya shigo zaurenmu riƙe da takardar lauya, ko tsufa ya ruɗa ni ba na jin za ta fita daga raina.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu a ƙasar Tsanyawa, da kaka kuma in ɗan sayi riɗi in kai kasuwar Dawanau. A can na haɗu da wani abokina da muka yi makaranta tare, mai daɗin baki. Shi ya fahimtar da ni cewa sunan shafin intanet ma kadara ce kamar fili a bakin titi: ka saya ka ajiye, mai buƙata ya zo ya same ka. Ya ce akwai wani suna a hannunsa, daidai da na wani babban kamfani mai fitar da riɗi waje, masu kamfanin sun yi sakaci ba su kama shi a intanet ba. Ranar da suka farga, dole su nemo ni in yanka musu farashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na sayar da bijimin da na shekara ina kiwatawa, na miƙa masa kuɗin.

A gidanmu ɗa ba ya sayen gona da sunansa muddin uba na raye. Don haka da aka zo wurin rubuta mai shi, na sa sunan Baba da adireshin gidanmu, har ina jin na yi abin kirki. Ban gaya masa ba, jira nake in kawo riba ya sa mini albarka. Da na ji shiru wata uku, sai na ƙara yi wa kaina: na rubuta wa kamfanin ina tallata musu sunansu.

A yankinmu gona manne take da gona, kuma duk rigimar iyakar da ta tashi Baba ake kira. Ya san wa ya shuka wace gamba, ya san wace kuka ce ta raba gadon wane da wane. Bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba sai a matsayin shaida.

Ranar da nake faɗa, bayan la'asar mai unguwa ya zo da takardar lauyan kamfanin. Takardar da Turanci take, kuma duk zauren ni kaɗai ke iya karantawa. Ina ganin layin farko na fara inda-inda ina neman yadda zan sassauta.

"Karanta yadda take, kada ka rage komai," in ji Baba.

Haka na fassara laifina da bakina, amma da sunansa. An ce ya riƙe sunan kasuwancin kamfanin da ke da rajista da niyyar tatsar masu shi, ya saki cikin mako biyu ko a haɗu a kotu, har da neman diyya. Da na yi bayanin yadda aka yi, Baba ya tambaye ni:

"Wannan filin da ka saya, ka tambayi maƙwabtansa?"



Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Wayar abokin nawa a kashe. A aji ina rubutu a allo in manta abin da nake rubutawa, ko ƙarar babur na ji sai in ɗauka sammaci ne. Kafin ranar kasuwa, labari ya zaga cewa Baba ya ci filin kamfani a Kano. Tsorona ɗaya ne, in ga dattijon nan a gaban alƙali a kan abin da bai san ko kamarsa ba.

Wani lauya ɗan garinmu ya yi mini bayani. Ya ce sayen suna ba laifi ba ne, akwai masu cin riba da shi, amma ban da sunan da wani ya riga ya yi wa rajista a matsayin sunan kasuwancinsa, kuma wasiƙar tallan da na aika ita ce babbar shaida a kanmu. Mafita ɗaya ce, mu saki, kuma Baba, da aka rubuta a matsayin mai shi, shi zai sa hannu.

Ni da Baba muka shiga bas zuwa Kano. A ƙofar ofishin kamfanin Baba ya tuɓe takalmansa, ya gaishe da lauyan kamfanin, wanda bai kai sa'an ƙanena ba, cikin ladabin da ya sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya rubuta sunansa da ajami. Suka karɓi sunan, suka yafe diyya. Bijimi kuwa ya tafi ke nan.

Na ɗauka magana ta ƙare. Da damina ta kusa, wasu maƙwabta biyu suka zo kiran Baba a kan iyaka. Ina zauren ya ce su nemi wani.

"Wanda aka rubuto wa takarda ya shiga gonar mutane, da wane baki zai nuna wa wasu iyaka?"

Aka yi lallashi, na rantse a gaban jama'a cewa laifina ne, amma har Allah ya karɓi abinsa bai sake zuwa raba iyaka ba.

Tun daga nan na gane cewa ko a ƙasa ko a intanet, ba a sayen fili sai an tambayi mai iyaka da shi. Kuma sunan mutum ba a ɗaukarsa sai da saninsa, ko da niyyar girmama shi ce.