Ciyawar da Hajiya ta ce in binne

Shekarun baya, bayan cuta ta kwashe shanuna, na baro ƙauyenmu ta wajen Roni na shigo Kazaure. Akuya ɗaya ta rage mini. Da ita na zo.

Na samu aikin ban-ruwa a gidan wata Hajiya. Mijinta ya rasu, ya bar mata furen wardi layi biyu da ya dasa da hannunsa. Ƙasar gidan tsakuwa ce, furen sun fara yaushi.

Wata rana ta miƙo mini iri a ƙullin leda.

"Alfalfa sunanta. Ka shuka a bayan gida. In ta kawo gwiwa ka yanke, ka binne a gindin furen. Abincinsu ne."

Na ce to.

Tsakiyar rani ne, ko'ina ya bushe, ciyawar kuwa ta fito koriya shar, ga laushi. Duk yawon kiwon da na yi ban taɓa ganin irinta ba. Da hantsi in na zuba mata ruwa ƙamshi ya tashi, sai in tsaya da bokiti a hannu. Sai in ga shanuna suna shigowa ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya, farar nan mai karyayyen ƙaho a gaba. Ina jin numfashinsu, ina jin yadda suke tsinkar ganye. Har kiransu nake yi a hankali.

"Malam, da wa kake magana?" in ji Hajiya ta taga.

"Da ruwa, Hajiya."

Ranar yanka ta zo. A wajenmu, wanda ya binne ɗanyar ciyawa da rani, sai a fara nema masa magani. Na daure na binne a layin farko, kamar mai binne tuwo. Layi na biyu na tona, na mayar da ƙasa ba komai a ciki. Ciyawar na cusa a buhu na kai wa akuya. Ta ci har tana lumshe ido.

Ni a tunanina fure ba ya kai ƙara.

Kafin wata biyu layin farko ya yi ganye mai duhu, ya fara toho. A layi na biyu kuwa, fure uku suka bushe ƙurmus. Hajiya ta fito ta daɗe tana dubawa.

"Malam, wannan layin fa?"

"Akuya ta ci rabonsu."

"Shigowa ta yi?"

"Ni na kai mata."

Na ajiye bokiti, ina jiran sallama. Ta durƙusa ta taɓa busasshen reshe. Ta ce wannan shi Alhaji ya fara dasawa, shekarar da suka tare a gidan.

"Ƙasa ma tana jin yunwa, Malam. Kuka ne kawai ba ta yi."

Ba ta kore ni ba. Ta ce in ƙara shuka kwami ɗaya na ciyawar don akuya, amma kashinta ya riƙa dawowa gindin furen. Haka muka yi shekara shida har Hajiya ta rasu.

Yau ina da gona 'yar ƙarama. Ina binne wani ɓangare na harawa a cikinta, maƙwabta suna dariya. Na koyi ciyar da abin da ba ya roƙo. Amma furen nan uku, Hajiya ba ta yarda an dasa komai a gurbinsu ba. Duk shekarun nan shida, kullum sai na tsallake wajen da bokiti a hannu.