Shekarar da aka raba ƙuri'ar garinmu

Aikina a Riyad jigilar ruwa ne. Tankar ruwa nake tuƙawa, wadda a nan ake kira wayit, in ɗebo in kai wuraren gine-gine, wani lokaci kuma in kai gidajen masu hali a unguwar Nasiriya a shayar da ciyawar tsakar gida. Ciyawar nan ba akuya ce za ta ci ba, kallonta kawai ake yi. Ranar da na fara juye mata tanki guda sai da na kau da kai, domin a daidai lokacin matan garinmu suna can suna tonon yashin rafi da ƙwarya.

Ruwa ne ya kore ni daga gida. Muna da madatsa ta ƙasa a kan rafin da ya ratsa garinmu, tun ina goye aka yi ta, da ita muke noman rani, albasa da tumatir da tattasai. Wata damina mai ƙarfi bangonta ya ɓalle, ruwan ya share lambuna ya bar mana rami. Samari muka watse, wasu kudu, wasu birni acaɓa, ni kuma Allah ya jefo ni nan. Ban zo don in zauna ba. Kowa na gaya masa haka, har kafilina, Balaraben da nake wa aiki, wanda iƙamata, wato takardar zamana, take hannunsa. Na ce masa ranar da aka gyara madatsarmu, ranar zan ajiye masa mukullin motarsa. Dariya ya yi ya ce insha Allah, irin insha Allah ɗin da ake yi wa yaro.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa cewa yana kewata ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Abin da yake rufe kowace waya da shi shi ne, "To, ka dai gama abin da kake yi ka dawo, ga aiki nan yana jira." Na san abin da yake nufi. Da wannan maganar nake jure zafin garin nan, wanda ke sa sitiyari ya ƙona maka tafin hannu.

Ba a banza nake da tabbacin za a gyara madatsar ba. Mazaɓarmu ta ɗan majalisar jiha manyan garuruwa biyu ne a cikinta, ɗaya gabas da mu, ɗaya yamma. Ba sa ga maciji da juna, kuma yawansu kusan ɗaya ne. Mu ne a tsakiya, ƙanana, amma ba ma raba ƙuri'a. In zaɓe ya matso, dattawa kan zauna a zauren Baba a yi ta ja-in-ja har murya ta dushe, sannan a tsayar da mutum guda, gari duka ya dangwala masa. Wanda muka bi shi ke ci. Baba ba mai unguwa ba ne, ba liman ba, manomin albasa ne mai kaifin baki wanda ba a saye da goro. Amma na ga masu babbar riga sun cire takalmi a ƙofar zauren nan sun durƙusa a tabarmar kaba suna gumi. Da haka muka sami ɗakin shan magani, da haka aka yi wa makarantarmu rufi.

Wanda muka zaɓa bayan ɓallewar madatsar ya turo masu awo, suka kafa turaku suka tafi, gara ta cinye turakun. Baba ya ce a ƙyale shi, zaɓe na tafe. Wannan karon sharaɗi ɗaya ne: duk mai son ƙuri'armu ya kawo katafila bakin madatsa, mu ga ƙurarta da idonmu kafin ranar zaɓe. Da na ji haka sai na duba iƙamata, na ga za ta ƙare jim kaɗan bayan zaɓen. Na shaida wa kafilina kada ya wahalar da kansa wajen sabuntawa. Har jaka na saya a wani kanti a Murabba, babba mai taya, na tura ta ƙarƙashin gado.

Sai aka ce an sake shata iyakokin mazaɓu.

A waya na ga taswirar, wani ɗan garinmu ya turo. Masu zanen sun bi rafinmu suka mai da shi iyaka. Gundumar gabas, inda gidanmu yake, an haɗa ta da garin gabas. Ta yamma an jefa ta cikin garin yamma. Kowane babban gari ya sami kujerarsa shi kaɗai, aka yi ta kiɗa da guɗa a can. Madatsa kuwa tana kan rafin, wato a kan layin kansa.

Ɗakinmu a Gubaira yana saman shagon masu walda, mu da yawa ne a ciki, amma wanda nake cin abinci da shi wani dattijo ne mutumin Nijar, mai gadin wani gini. Na miƙa masa wayar yana tsakar ɓare burodi. Ya daɗe yana kallo, ya maido mini.

"Khalas, an gama da ku," in ji shi. "Da ku ne gishirin miyar. Yanzu an ɗauke ku an zuba a rijiya."

"Kai me ka sani a siyasar ƙasarmu? Ba ka san Baba ba ne."

"Ban san shi ba, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma wa zai durƙusa wa wanda ba ya buƙata?"

Na tashi na bar masa kwanon. Kwana da kwanaki ban ci da shi ba, ina gaishe shi da ƙyar kamar shi ya zana taswirar. Haushinsa nake ji saboda na san gaskiya ya faɗa.

Baba bai yarda ba. Ƙanwata, wadda take riƙe masa waya, ita ke ba ni labari a ɓoye. Ya sa aka sake yaɓen zauren, ya sayo sababbin tabarmi. Ni kuma ya ce mini, "Kai da kake kusa da Ɗaki, ka je ka roƙa mana." Mutanen gida gani suke Riyad bayan Makka take, ka fita ka leƙa ka dawo. Tafiyar yini guda ce a bas, amma na nemi izini na je. A wurin ɗawafi mutane suna kuka suna neman gafara da Aljanna, ni ina neman katafila. Ban ji kunya ba ko kaɗan.

Babu wanda ya zo. Ɗan takarar gabas ya aiko yaransa da taliya da sabulu, suka tsaya a bakin titi suka raba wa mata, ko injin mota ba su kashe ba. Na yamma hotunansa kawai aka manna a bangon makaranta. Baba yakan sa a share zauren da safe a shimfiɗa tabarmi, ya zauna da rigarsa ta Juma'a har la'asar.

Daga ƙarshe ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya hau bayan babur ya je da kansa. A gidan na gabas an bar shi a tsakar gida cikin masu neman kuɗin magani, har rana ta karkata. Da mutumin ya fito sai ya ce, "Baba, ai madatsar nan ba a mazaɓata take ba, ka ga na yamma." Na yamma ya fi shi ladabi, ya ba shi kujera da ruwan sanyi, sannan ya ce bangon da ya ɓalle ai a gaɓar gabas yake. Ƙanwata ta ce da ya dawo alwala kawai ya yi ya shige ɗaki. Har yau bai gaya mini ya je ba, ni ma ban nuna na sani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman dattawa. Sun taru kamar yadda aka saba, na gabas da na yamma, kowa ya zauna a inda ya saba zama. Aka yi addu'a. Sai aka rasa abin da za a yi gardama a kai, domin sunayen da ke takardar ƙuri'ar wannan gefen ba su ne a ta wancan ba. Babu mutum guda da garin zai iya tsayarwa. Suka taɓa hirar tsadar taki, aka raba goro, kowa ya nemi takalminsa.

Ranar zaɓe ina layin ɗiban ruwa, wayit a gabana wayit a bayana, ina duba waya. Hotunan da aka turo sun nuna layi ɗan gajere a gindin dalbejiyar makaranta, Baba a gaba da farar rigarsa. Washegari sakamako ya fito. Dukansu biyu sun ci, kowanne da ratar da ko an haɗa da awakinmu da kajinmu ba za mu cike ta ba. Na kifa kai a sitiyari, har na baya ya gaji da danna mini ham yana ihun yalla, yalla.

Duk da haka na ƙudura zan koma. Na ce ko noman damina ne mu yi, ko dako ne, ba zan bar tsohon nan ya zauna shi kaɗai a zauren da ba a shiga ba. Na jawo jakar na fara zuba kaya. Dattijon Nijar yana kallona, sai ya je ya sayo dabino mai kyau ya ce in kai wa Baba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kira gida. Muka gaisa, ya tambayi aiki da jama'a.

"Takardar zaman nan taka, yaushe take ƙarewa?"

"Wata mai kamawa, Baba. Na riga na gaya wa mutumin ba zan sabunta ba."

"Ka sabunta."

"Baba, ko babu madatsa ai za mu..."

Sai ya kira sunana. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Ban ma san haka yake furta shi ba, a hankali, da ɗan jan ƙarshe. Na yi shekaru ina fatan in ji, na ɗauka ranar da na sauka daga mota a ƙofar gida zai suɓuce masa don murna.

"Ka zauna inda kake," in ji shi. "Babu aikin da ke jira. In da hanya, ka nema wa ƙaninka ma."

Na ce to, domin ban taɓa ce masa a'a ba. Ya miƙa wa ƙanwata wayar, ita kuma kuka ya hana ta magana.

Da na gaya wa kafilina, ya daki kafaɗata ya ce mabruk, wato barka, ai dama ya sani. Ya ba ni aikin ranar, wani gida a Nasiriya. Na ja tiyo na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwan yana malala a kan ciyawa har tankin ya ƙare.